Sunayen da Ke Cikin Kundin Kawu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da sunanSa nake farawa, Mai rayarwa, Mai kashewa, wanda ba Ya shawara da kowa a kan ranar kowa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama.

Ina bakin masallacin unguwarmu a Batsari, na idar da alwalar azahar ke nan ban ko sa takalmi ba, sai wayata ta yi ƙara. Babban ɗan Kawu ne, taubashina. Tun muna yara bai taɓa kirana bai fara da tsiya ba. "Ɗan mace, kana nan da rai?" ita ce sallamarsa. Ran nan sai na ji ya ce, "Malam, Baba ya cika."

Na ce, "Wane Baba?"

Ya ce, "Baba nawa gare ni?"

Ba jinya, ba ko ciwon kai. Da hantsi yana zaune a rumfarsa ta ƙofar gida yana ɗinkin gafaka, ya leƙa zaure ya ce Inna, matarsa, ta kawo masa kunu. Kafin ta zuba ta fito ya jingina da ginshiƙin rumfa, basilla na hannunsa, zaren bai ko zare ba. Sau biyu tana ce masa ga kunu. A na uku ne ƙwaryar ta suɓuce mata.

Na hau bayan ɗan acaɓa muka bi burji ta wajen Safana zuwa ƙauyenmu da ke gab da Zakka. Na samu an yi masa wanka, ana jiran la'asar. Ban taɓa ganin mutuwar tsoho ta gigita mutane haka ba, ga shi kuwa ya haura tamanin. Mai shayin bakin kasuwa magana ɗaya yake maimaita wa duk wanda ya zauna kusa da shi: "Wallahi da safen nan ya ce mani shayina ruwan wankin tukunya ne. Da safen nan fa!" Liman, wanda shi kansa bai san adadin gawar da ya sallata ba, ya kasa ta da kabbara ta uku, sai da sahu ya jira shi. Bayan mun dawo daga maƙabarta Ardo ya iso, aminin Kawu, ya tako da ƙafa daga rugarsu ta wajen Tsaskiya. Bai hau tabarma ba. Ya tsuguna can gefe, ya ɗora sandarsa a gwiwa, ya ce, "Ya muka ji da haƙuri?" Aka amsa masa a taƙaice. Shekarun nan zaman gari da ruga ba kamar da ba ne, kuma kowa ya san dalili.

Da a ce a nan abin ya tsaya, da addu'a kawai zan yi masa in yi shiru. Abin da ya faru washegari shi ya sa na ɗauki alƙalami.

In mai sana'a ya rasu a wajenmu, ana fito da kayan aikinsa gaban shaidu, don a mayar wa mutane ajiyarsu kafin a yi maganar gado. Kawu baduku ne, kullum akwai gafakar wani ko Alƙur'anin wani a hannunsa. To bayan azahar taubashina ya kira maƙwabta biyu, aka shiga ɗakin. Aka ware fatu, aka ware na mutane. Sai aka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado.

A sama akwai tarin bangon littattafai da aka ɓalle. Kowanne da hoto: ƙato da baƙin tabarau riƙe da bindiga, wani yana leƙen gida da madubin hangen nesa, wata mata da waya a kunne tana waiwaye. A ƙarƙashinsu akwai kundi mai jar fata, cike da rubutun Ajami. Sai kuma wani littafi na boko mai layi-layi, shi ma an cike shi da Ajami.

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya yi karatun allo, yana iya haɗa baƙi da baƙi a hankali. Hannun Kawu kuwa mai gudu ne, bai cika sa wasali ba, don haka abin da maƙwabcin ya iya tsinta kaɗan ne. Amma kaɗan ɗin ya isa. Ya ga sunayen mutanen gari, kowa da ranar da ya zo. Ya ga "bindiga". Ya ga "ɗan leƙen asiri". Ya ga sunan Ardo shafi bayan shafi. A ɗaya littafin ya ga "Talata, ruga. Laraba, Karare."

Kafin la'asar kalmar ta fita gari. Ba na son rubuta ta kusa da sunan Kawu, amma ba makawa: infoma. A ƙasarmu yau babu zagin da ya kai wannan, wato mutumin da ke zaune cikin jama'a yana kai wa ɓarayin daji labarin wa ya sayar da sa, wa ya cika rumbu, ta ina ake shiga gari.

Na ga tabarmin makoki suna yin fili da idona. Wanda ya ce zai je ya yi alwala bai dawo ba. Matan da suka kawo tuwo jiya, yau kwanoninsu suka aiko a karɓo. Mai shayi ya daina labarin ruwan wankin tukunya. Can sai ga shugaban masu gadin gari, mutumin da ɓarayin suka kashe wa ƙane, kuma ba zan ɗora masa laifi ba. Ya durƙusa ya yi ta'aziyya yadda ya kamata tukuna, sannan ya ce, "Gobe in an shafa addu'ar uku, a karanta kundin nan gaban kowa. In ba za a karanta ba, mu tafi da shi."

Aka kai wa Liman ya duba. Ya juya shafi biyu, ya mayar, ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu kwanan nan. Taubashina ya juyo gare ni. Ya ce, "Malam, kai ka san hannun shi."

Na san hannunsa, don shi ya koya mini. Bari in faɗi wane ne Kawu kafin in ci gaba.

Yayan mahaifiyata ne. A gabansa na fara jan baƙi, da alƙalamin kara da tawadar da yake haɗawa da kansa. Ba ya duka. In ka yi rubutu marar kyau sai ya ɗaga allon ya kalla ta wannan gefe, ya kalla ta wancan, ya ce, "Kaza ce ta bi ta nan ko zabuwa?" Karatun boko kuwa da furfurarsa ya koya, a ajin yaƙi da jahilci. Yana karantawa da yatsa, baki na motsi, amma bai taɓa yarda ya rubuta shi ba. Yakan ce, "Ni ba na tafiya daga hagu."

Littattafan ta hanyar sana'a suka zo masa. Wani malamin firamare ya kawo masa waɗanda suka yage ya ɗinke, aka yi masa canjin wurin aiki kafin ya karɓa, ya aiko cewa ya bar masa. A cikinsu akwai labaran 'yan leƙen asiri da ake bugawa da Hausa. Kawu ya buɗe ɗaya don ya ga inda zai soka basilla, bai ajiye ba sai da aka kira magariba. Daga nan duk mai zuwa Katsina ko Kano sai ya ba shi saƙo.

Sai dai a garinmu dattijo ba ya yawo da littafi mai hoton bindiga, balle Liman ya sha faɗa a wa'azi cewa irin waɗannan labarai cin lokaci ne da ba a biyan sa. Dabarar Kawu ita ce ya ɓalle bangon, ya sa wa littafin jar fata irin ta littattafan fiƙihu. Mutum ya rungumo shi a ƙirji ya ratsa kasuwa, ana ce masa "Allah gafarta Malam". Ba ya karɓar ko sisi. Abu ɗaya yake tambaya in ka dawo da shi: "To, mi ka gani?" Ni ma na ara, ba sau ɗaya ba. Na ɗauka ni da wasu mutum biyu ko uku ne. Kuma ban san cewa in ka tafi yana zama ya rubuta abin da ka ce ba.

Littafin nan mai layi-layi kuwa, autarsa ce ta kawo masa. Tana koyarwa a Batsari, an ba su a wani taron bita. Littafin tsara buri ne, ba komai a ciki sai tambayoyi da fili: me kake so ka cim ma a wannan wata, wane mataki za ka ɗauka, ina kake so ka ga kanka nan da shekara biyar. Ina wurin ranar da suka yi ta. Kawu ya karanta shafin farko ya ce, "Wanga littafi ya fi ɗan sanda tambaya. Kuma tun daga farko har ƙarshe bai ce in sha Allahu ba ko sau ɗaya."

Ta ce, "Baba, ai kai za ka rubuta abinka."

"Shekara biyar! Shi ya san ko zan ga la'asar?"

"To Baba, don ba ka san ko za ka ga kaka ba, ka taɓa fasa shuka?"

Kawu ba ya son a ci shi da magana, balle 'yar cikinsa. Ya tura littafin ƙarƙashin fatu ya ce ta je ta taya uwarta aiki, kwana biyu yana amsa gaisuwarta da ka. Da ta sake zuwa hutu ta tarar ya cike wata guda, kowane layi da in sha Allahu a gabansa. Bai ce ta yi gaskiya ba. Cewa ya yi ta ƙaro masa uku, akwai manoman Karare da yake so su gwada.

Ita ce kuma ta kawo masa littattafan zane na kimiyya, irin na yara, waɗanda mutanen ciki ke magana a cikin ɗan da'ira bisa kansu: yadda ƙwayar cuta ke shiga jiki, yadda ruwan sama ke haɗuwa, yadda inuwar duniya ke rufe wata. Waɗannan su yake sawa a burgami ya kai wa Ardo, don Ardo ba ya karatu amma hoto ba ya wuce shi. Abotarsu ta fi shekara arba'in, tun Kawu na sayen fata a hannunsa. Da hanya ta lalace mutane suka daina zuwa ruga, Kawu bai daina ba. A kan wannan ne suka yi faɗa mafi zafi da taubashina, wanda dama tun can yana jin kunyar littattafan. Ya ce, "Baba, mutane na magana." Kawu ya ce, "Wanda ya bar zuwa gidan amininsa don tsoro, ɓarawo ya riga ya kore mashi abin da ya fi garke." Taubashina ya ɓoye masa takalmin tafiya. Kawu ya zauna ya yanka wani a fatar wani aiki, ya tafi.

Wannan shi ne mutumin da aka miƙo mini kundinsa da yammacin nan. Na shiga ɗakinsa na buɗe shafin farko. Ga abin da ke ciki: "Da sunan Allah. Wannan maganar mutane ce a kan littattafan da na ara masu. Amana ce. Kada a karanta maganar mutum sai ya yarda, ko da bayan raina."

Na fito na gaya wa taubashina. Ya sauke ajiyar zuciya har sai da ya dafa bango. Ya ce, "To shi ke nan, gobe ka karanta duka, daga farko har ƙarshe."

Na nuna masa layin ƙarshe. Ya ce, "Kai ɗan mace, kana da hankali kuwa? Ana kiran ubana infoma, kana yi mani maganar amana?"

Inna na bayan labule, ta shiga takaba, muryarta kawai muka ji. Ta ce, "In kun ci amanar shi don ku wanke shi, da wane ruwa kuka wanke shi?"



Ranar uku mutane suka cika ƙofar gida fiye da ranar jana'iza, amma ba zaman makoki ya kawo su ba. Aka yi addu'a, aka raba gumba, da yawa suka riƙe tasu a hannu ba su ci ba. Ardo ya dawo, duk da an aika masa kada ya zo. Na miƙe na karanta shafin farko, na ce ba zan karanta maganar kowa ba sai mai ita ya ce in karanta. Na ce zan fara da tawa.

Shugaban masu gadi ya ce, "Allah gafarta Malam, kai ɗan ƙanwar shi ne, kuma kai kaɗai ke gane rubutun. Mi zai hana ka karanta muna abin da ka ga dama? In gaskiya ne, wanda sunan shi ke ciki shi tashi shi faɗi abin da ya ce tukuna. Sannan ka karanta, maƙwabcin nan shi bi ka da yatsa."

Magana ce ta hankali, na yarda. Na dubi jama'a. Jiya na ga sunaye, na san aƙalla mutum ashirin da ke zaune a wurin suna cikin kundin. Kowa ya sunkuyar da kai yana ƙirga zaren tabarma. Wani ya shiga gyaran hula. 

Sai Ardo ya dafa sandarsa ya miƙe. Shi ne wanda tashi ya fi yi wa haɗari a duk wurin.

Ya ce, "Ni ba ni karatu. Littafin yara yake kawo mani, mai zane. Na ƙarshe na kaska ne da cutar da take sa ma shanu. Na ce mashi wanda ya zana bai taɓa kwana da nagge ba, don ya sa saniya ta tashi da ƙafar gaba kamar doki, alhali da ta baya take farawa. Amma na ce maganar kaska gaskiya ya faɗa, mun cire ta da wuri bana, maruƙa ba su mutu ba. Malam, karanta."

Na nemo wurin. Maƙwabcin ya matso ya ɗora yatsa, ina karantawa yana bi. Har dokin yana nan. Da muka kai ƙarshe ya ɗago ya ce, "Haka ne." Wani ya fara dariya ya haɗiye ta.

Shugaban masu gadi bai yi dariya ba. Ya ce, "Na ji na saniya. Inda ake maganar bindiga fa?"

 Shafukan bindiga kusan duk na mutum ɗaya ne, kuma shi kaɗai ne Kawu bai rubuta sunansa ba. "Mutumin Alhamis" kawai yake sawa. Maƙwabcin ya riga ya tsinci wannan laƙabi da wani layi, ya kuma faɗa wa jama'a tun jiya: "Da ni ne, ta bayan gari zan shiga, lokacin da masu gadi ke canji."

Shugaban masu gadi ya ce, "Wane ne Mutumin Alhamis?"

Na ce wallahi ban sani ba.

Ya ce, "To kun gani." Ya miƙo hannu zai karɓi kundin. Taubashina ya rufe fuska da hannun riga.

"Bar shi nan."

Liman ne. Bai tashi da sauri ba, sai da ya tattara babbar rigarsa, ya gyara rawani, kamar mai shirin hawa mumbari. Ya ce, "Ni ne Mutumin Alhamis."

Na ji wani ya ce "Inna lillahi" a bayana. Gumbar mai shayi ta faɗi ƙasa.

Liman ya ce, "Shekara tara ke nan. Duk Alhamis kuna gani na da jar fata a hannu, kuna cewa gyara na kawo. Ran Juma'a in hau in ce maku littattafan nan cin lokaci ne. Jiya aka kawo mani kundin nan na ce idona ba ya gani. Idona lafiya lau. Tun jiya ina zaune ana cin naman mamaci a gabana, ni kuma ina tsoron a yi mani dariya. Ku yi dariyar, ta fi mani sauƙi da abin da zan tarar." Ya juyo wajen shugaban masu gadi. "Maganar bayan gari, wani jami'in sirri ne a cikin labari ya je kuɓutar da abokin aikin shi, ya bi ta babbar ƙofa kamar ango, aka kama shi. Na ce wauta ya yi. Na kuma ce shafi ɗari biyu ban ga inda ya yi salla ba, kuma bindigar shi ba ta taɓa ƙarewa da harsashi. Karanta, Malam, kada ka tsallake komai."

Na karanta, maƙwabci na bi. Duk yana nan yadda ya faɗa. Sai layin ƙarshe da bai faɗa ba, na dube shi, ya ɗaga mini kai. "Ya ce a ajiye masa kashi na biyu, kada a ba kowa kafin shi."

Ban taɓa jin dariya irin wannan a gidan makoki ba, kuma rabin masu yin ta hawaye suke. Daga nan bakin kowa ya buɗe. Mai shayi ya miƙe ya ce shi ne ya ce 'yan leƙen asirin nan ba su da iyaye ne, ba a taɓa ganin sun je gaida kowa ba. Wani manomi da ya zo daga Karare ya ce littafin tsara buri yana da amfani, don ya sa ya gyara rumbu kafin ruwa ya sauka, amma wanda ya yi shi ya fara shekara daga Janairu, shi kuwa shekararsa daga ruwan farko take farawa. Wani tsoho ya ce har yau bai yafe wa littafin husufin wata ba, tun yana yaro ake buga gwangwani don rana ta saki wata, yanzu a ce masa inuwa ce. Duk wanda ya faɗa, in nemo in karanta. Daga cikin gida aka aiko cewa Inna ta ce ita ma a karanta tata. Ashe Kawu yana karanta mata in ta gama aiki, kuma ta fi kowa tsanani: ta ce duk matar da ta yi wa jarumin murmushi a farkon labari ita ce maƙiyiyar, a daina ɓata mata lokaci.

Littafin burin kuwa na Kawu ne, taubashina ya ce in karanta. "Talata, ruga: kai wa Ardo na taurari, in sha Allahu. Laraba, Karare: karɓo biyu, kai uku, in sha Allahu."

Shugaban masu gadi ya cire hula ya share goshi, ya ce, "Allah shi gafarta mashi, mu ma shi gafarta muna. Ku yafe mani." Bai je wajen Ardo ba, kuma ba zan ce kowa ya tashi da zuciya fara ba, don akwai mutum biyu ko uku da suka tafi suna ƙunƙuni. Amma mai shayi ya matsa ya buɗa wuri a tabarma, ya ce, "Ardo, taso daga ƙasa mana." Da yamma kwanonin tuwo suka dawo.

Washegari da hantsi, kafin in koma Batsari, taubashina ya ce in raka shi maƙabarta. Muka yi sallama ga mazauna wurin, muka tsuguna, muka yi addu'a. Ƙasar ba ta gama bushewa ba. Na shafa zan tashi, ya riƙe mini riga.

Ya ce, "Malam, na yarda da su fa. Daga lokacin da aka buɗe akwatin nan har ka fito daga ɗaki ka gaya mani, na yarda. Na ce ashe abin da ke kai shi ruga ke nan. Ubana, wanda ban taɓa jin ya yi ƙarya ko a kan kuɗin fata ba. Su sun roƙi gafara gaban jama'a an yafe masu. Ni wa zan roƙa?"

Na so in ce masa shaiɗan ne, ya wuce. Amma a gaban wannan kabari ban iya ba. Na ce masa ni da na san littattafan, ni da na ara, da aka miƙo mini kundin sai da na yi addu'a kafin in buɗe, kuma ba addu'ar mai yaƙini na yi ba.

Ya dube ni. Ya ce, "Har kai, ɗan mace?"

Na ce, "Har ni."

Muka koma muka tsuguna, muka sake ɗaga hannu, wannan karon don kanmu.

Ya Allah, mun shaida bawanKa ya riƙe amanar mutane yana raye, ya riƙe ta yana kwance. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sada shi da Annabin rahama. Ka ba Inna da 'ya'yansa haƙuri. Ka dawo wa ƙasarmu da zaman lafiyar da maƙwabci ba zai ji tsoron maƙwabcinsa ba. Mu kuma da muka yi masa mummunan zato, na yini guda ko na numfashi guda, Ka yafe mana kafin namu zuwan. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙon ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Amin.